Tambaya da Amsa: Ɗan waifai na USB da na'urarka ta ƙi karɓa

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru sosai, sai na ware guda huɗu da na ga duk kusan ciwo ɗaya ke damunsu, wato ɗan waifai ɗin nan da ake sokawa a ramin USB. Masu tambayar batirin sola ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai ina da risiba ta setilayit irin ƙananan nan marasa biyan wata, a cikin menu akwai wajen YouTube da wajen waifai, to yarana suka dame ni in saka musu. Na shiga kasuwa na sayi ɗan waifai mai eriya na soka a bayan risibar shiru kake ji, na mayar aka canza min wani shi ma haka, na ukun ma har mai tsada na saya na sanannen kamfani amma ko motsi, kuma abin mamaki kowanne in na soka a laftof ɗin ƙanina yana aiki lafiya lau. Shin risibar ce ta lalace ko ni ake yi wa wayo? Daga mai karatunku a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Risibarka lafiyarta ƙalau, kuma ina kyautata zaton mai shagon ma ba cutarka ya yi ba, shi kansa wataƙila bai san abin da ke cikin kayan da yake sayarwa ba. Matsalar ita ce kai kana kallon kwali da sunan kamfani da tsawon eriya, ita kuwa risiba ba ruwanta da duk wannan. Abu ɗaya take tambaya in ka soka mata: wane cif ne a cikinka? Cif shi ne ɗan baƙin abin nan mai kama da ƙwayar wake da ke manne a allon ciki, wanda masu gyara ke ce wa IC, kuma shi ne ainihin waifai ɗin, sauran duk roba ce da ado.

Kowane cif sai da direbansa, wato 'yar manhajar da ke koya wa na'ura yadda za ta yi magana da shi. Laftof ɗin ƙaninka mai Windows gida ne babba, direbobi ɗaruruwa ke kwance a ciki, wanda babu ma sai ya leƙa intanet ya ɗauko da kansa. Ita kuwa risiba ɗan ɗaki ne, ma'ajiyarta 'yar mitsitsiya ce, masu ƙera ta direba ɗaya ko biyu suke cusa mata su rufe ƙofa, kuma kai ba ka da hanyar ƙara mata wani. To shi ya sa mai tsadar ma bai yi ba, tsada ba ta sa ta gane shi.

Mafi yawan ƙananan risibobin da ke yawo a kasuwanninmu cif biyu suka sani, RT5370 da MT7601. Na farkon na kamfanin Ralink ne, na biyun na MediaTek, kuma dangi ɗaya ne tunda MediaTek ya saye Ralink tun 2011. Wata risibar tana karɓar duka biyun, wata ɗaya kawai. Ka ɗauko kwalinta ko 'yar takardar da ta zo da ita ka duba wajen da aka yi maganar waifai, sau da yawa za ka ga an rubuta 5370 ko 7601 ƙarara, wasu ma a cikin menu ɗin netwok suke nunawa. In ka samu lambar to ka gama rabin aiki, ka je shago ka ce "mai 7601 nake so", kar ka ce "a ba ni mai kyau", don mai kyau a wajen ɗan kasuwa shi ne wanda ya rage masa a kanta.

Saura ka san abin da ke cikin wanda kake riƙe da shi yanzu. Nan laftof ɗin ƙaninka zai yi amfani. Ka soka ɗan waifai ɗin, ka buɗe Device Manager, ka nemo shi a ƙarƙashin Network adapters, ka danna dama ka shiga Properties, sai Details, sai ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu kamar haka, VID_148F da PID_7601. Wannan 148F lambar Ralink ce, 7601 kuwa ta faɗi kanta. In ka ga 148F da 5370 to RT5370 ne. In kuwa ka ga 0BDA to Realtek ne, cif ne mai kyau a kwamfuta amma risibobi da yawa ba su san shi ba, kuma ina da yaƙinin abin da ya same ka ke nan a kan mai tsadar.

Ni kaina na taɓa shan wannan. Na sayi guda biyu a shago ɗaya, daga cikin leda ɗaya aka zaro min su, baƙaƙe masu eriya mai lanƙwasa, rubutu iri ɗaya a jiki har da 150Mbps ɗin da suke so su burge mutum da shi, na zo gida ɗaya ya kama nan take ɗayan kuwa fitilarsa ma ba ta kawo ba, da na duba a kwamfuta sai ga shi ɗaya 7601 ɗaya Realtek. Kamfanonin da ke haɗa su robar ɗaya suke saye, cif kuwa wanda ya yi araha a watan shi suke sawa. Kai har manya ma suna yi. TP-Link TL-WN722N misali ne da masu Linux, wata babbar manhajar kwamfuta kamar Windows, suka sani, V1 ɗinsa, wato fitowar farko, cif ɗin Atheros AR9271 ne a ciki, V2 da V3 kuwa Realtek RTL8188EUS, suna ɗaya kamanni ɗaya, bambancin ɗan ƙaramin V ne a jikin sitika.

Wani tarkon kuma, akwai waɗanda ake rubuta wa Free Driver a kwali. Ka guje su in dai don risiba ne. Su waɗannan in ka soka su, da farko suna nuna kansu ne a matsayin faifan CD mai ɗauke da direban Windows, sai kwamfuta ta girka sannan su rikiɗa su koma waifai. Risiba ba ta san wannan wasan ba, ita faifai kawai za ta gani ta yi shiru.

Shawarata ta ƙarshe a kan wannan, risibar ba nauyi gare ta ba, ka sa ta a leda da rimot da adaftarta ka tafi da ita kasuwa, shagunan kayan setilayit ba sa rasa talabijin a kunne, a soka a gabanka ka ga ta jero sunayen netwok kafin ka zaro kuɗi. Kuma ka nufi masu kayan dish ɗin, ba masu kwamfuta ba, su suka fi ajiye irin wanda ya dace. Sai dai in faɗa maka gaskiya tun yanzu kar yara su ɗora buri da yawa, YouTube ɗin ƙananan risibobin nan yana yawan daina aiki in kamfanin bai sake sabunta manhajar ba, wannan kuma ba laifin ɗan waifai ba ne.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni ɗaliba ce a Zariya ina haɗa furojet na ƙarshe, na'urar auna zafi da danshi a ɗakin kaji da za ta riƙa turo saƙo ta intanet. Yayana ya ba ni 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi Zero amma ashe ba mai waifai ba ce, na sayi na USB na haɗa, wani lokaci ta gan shi wani lokaci kuma da na soka sai ta mutu ta sake tashi, don Allah wane iri zan saya kuma me ke kawo haka?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Wadda ke hannunki ita ce ta asali da ta fito a Nuwamba 2015 a kan dala 5, ba waifai a jikinta. Sai a 2017 aka fito da Zero W mai waifai, sannan Zero 2 W a 2021. In da hali da sai in ce ki nemi mai W ɗin kawai ki huta, don ɗakin kaji ga ƙura ga zafi, duk abin da ya rage miki wayoyi masu lilo alheri ne. Amma tunda kyauta ce mu yi aiki da ita.

Ke kin fi mai risiba sa'a, domin Raspberry Pi OS Linux ce cikakkiya, direbobi da yawa suna ciki. RT5370 yana aiki da zarar an soka, AR9271 ma haka, MT7601 kuma direbansa ya shiga cikin Linux tun 2015. Waɗanda zan ce ki yi hattara da su su ne masu rubutun AC600 ko AC1200, da yawansu cif ɗin Realtek ne da aka daɗe sai mutum ya zauna ya haɗa direba da hannunsa, kuma ki lura da abin dariyar, direban a intanet yake, ke kuma intanet ɗin kike nema. Na'urarki 'yan lambobi kawai za ta riƙa turawa, ba ta buƙatar wannan gudun.

Ki buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ki rubuta lsusb, zai nuna miki lamba irin 148f:5370 ko 148f:7601, ita ce dai waccan VID da PID da na yi wa mutumin Gusau bayani. Sai ki rubuta dmesg ki karanta layukan ƙarshe bayan kin soka, in akwai ƙorafin fayil ɗin famwaya, wato 'yar manhajar da ake loda wa cif ɗin, da ya ɓata a nan za ki gani. Abu ɗaya kuma, in kina da niyyar Pi ɗin ita ma ta riƙa ba da nata hotsifot don ki shiga da waya ki yi setin, to RT5370 za ki nema, direban MT7601 da ke cikin Linux shiga netwok kawai yake yi ba ya bayarwa. Kuma ki duba da lsusb ko da an rubuta 5370 a leda, ana yawan saka 7601 a ciki.

Maganar mutuwa da tashi kuwa wuta ce, ba cif ba. Ɗan waifai yana fizgar wuta a daidai lokacin da aka soka shi, in cajarki mai rauni ce ko kebul ɗin irin siririn nan ne na kan titi sai boltej ya faɗi ƙasa da 5 Pi ta suma. Ki samu caja mai 5V 2A ta gaske da gajeren kebul mai kauri, ki soka ɗan waifai ɗin tun kafin ki ba ta wuta, ki daina zarewa da sokawa tana kunne. Ki kuma lura ramuka biyu ne a jikinta masu kama ɗaya, wanda aka rubuta PWR na wuta ne kawai, wanda aka rubuta USB shi ne na ɗan waifai ta hanyar 'yar adaftar OTG mai mayar da ƙaramin rami zuwa babban ramin USB. Na sha ganin ɗalibai sun juya su suna ta zagin na'ura.

TAMBAYA: Oga ni ɗan waifai nawa fa risiba ta gan shi, tana ma nuno waifai na maƙwabta amma hotsifot ɗin wayata ba ya fitowa sam. Daga Maraɗi.

AMSA: Naka mai sauƙi ne ɗan'uwa. RT5370 da MT7601 duka 2.4GHz kaɗai suke ji, wayarka kuwa da alama a 5GHz take watsawa. In Android ce ka shiga setin ɗin hotsifot ka mayar da band zuwa 2.4, in iPhone ce daga 12 zuwa sama ka kunna Maximize Compatibility. In ya fito amma ya ƙi karɓar faswod, ka duba tsaro, ka sauke shi daga WPA3 zuwa WPA2, kuma ka cire 'yan hotunan fuska da alamomi daga sunan hotsifot ɗin, haruffa da lambobi sun isa.

TAMBAYA: Malam ni akwatin Android nake da shi na talabijin a shagon kallo, waifai ɗinsa yana tsinkewa ana tsakiyar ƙwallo, ramin kebul ɗin netwok kuma tsawa ta ƙona shi tun damina. Akwai na USB da zan sa masa? Daga Kaduna.

AMSA: Akwai Alhaji, amma ba waifai zan ce ka ƙara masa ba, akwatunan Android ba kasafai suke karɓar waifai na waje ba tunda suna da nasu a ciki. Ka nemi adaftar USB mai ramin kebul ɗin netwok, ka ja waya daga rauta kai tsaye. Nan ma dai cif ne zancen, ka tambayi mai ASIX AX88772 ko Realtek RTL8152, waɗannan masu gudun 100Mbps ne kuma sun ishe ka kallo, sai yayyensu AX88179 da RTL8153 masu gudun 1000, amma in ramin akwatinka USB 2.0 ne ba za ka ga wannan gudun ba, asarar kuɗi ce kawai. Waɗannan huɗun su aka fi samun direbansu a cikin Android, duk da haka kowane akwati da halinsa, ka je da shi a gwada. Ka kashe waifai ɗin ciki, ka soka adaftar, ka sake kunna akwatin sannan ka leƙa setin ka ga ko Ethernet, wato haɗin kebul, ta nuna ta haɗu. Kuma tunda tsawa ta taɓa bi ta wannan hanyar, in hadari ya taso ka riƙa zare kebul ɗin, ko da 'yan kallo za su yi ta ihu.