Kunkurun gidanmu na Yamai: amsa ga Baffa

Baffa, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da dukan dangi na Sabon Birni. Saƙonku ya iso. Kun ce an nuna muku hoton yara suna ba ƴan kunkuru ganye a tsakar gidanmu, kuna tambaya ko wani malami ne ya ce mu ajiye su, ko kuwa al'adar Zabarmawa ce muka ɗauka. Na san ta biyun ce ta fi tsaya muku a rai.

Kunkurun nan na tudu ne, ɗan ƙasarmu ta Sahel, ana samunsa tun daga Senegal har Eritiriya. In aka cire na tsibiran Galapagos da Aldabra, babu wanda ya kai shi girma a duniya. Ƙosasshen namiji yana kusantar kilo 100, kuma yana haura shekara 70. Iyayen waɗanda kuka gani marigayi Baba ne ya kawo su tun ina ɗan lakkwal, kuma kun san ɗan'uwanku da son kiwo: tantabaru, zabbi, har zomo ya taɓa ajiyewa. Gidaje da dama a Yamai suna da kunkuru, na Hausawa da Zabarmawa da Buzaye har da Turawa. Ban musa ba, akwai masu cewa yana kore sammu, amma wallahi a bakin tsofaffin wajenku na fara jin wannan zance.

Wahalar kiwon tana kan ƙananan. Uwar takan haƙa rami ta zuba ƙwai 15 zuwa 30, ta rufe ta yi tafiyarta. Bayan wata uku zuwa huɗu su fito, kowanne kamar santimita 5, ƙoƙon bayansa da taushi. Kwanakin farko ba ya cin komai, sauran kwaiduwar da ke cibiyarsa ce ke riƙe shi, don haka ba a matsa masa. A wannan lokaci kowa abokin gabansa ne: hankaka, gafiya, kyanwa, cinnaka, har kajin gida. Mukan kewaye musu wuri da bulo, a zuba ƙasa da yashi, a rufe sama da raga, rabi rana rabi inuwa, a kifa fasasshiyar tukunya su riƙa ɓuya ciki.

Mutane suna cewa kunkuru ba ya shan ruwa, kuma wannan magana ta kashe ƴaƴan kunkuru da yawa a garin nan. A daji cikin rami mai laima suke wuni. A tsakar gida kuwa, da iskar hunturu ko zafin Afrilu da ke haura digiri 40, nan da nan ƙaramin yake bushewa, idanu su faɗa, ya daina ci. Da safe mukan sa su cikin faranti mai ruwa ɗan ɗumi, iyakarsa haɓa, kamar minti 15, su sha su yi kashi, sannan a yayyafa ruwa ƙarƙashin tukunyar. Kada ruwan ya yi zurfi. Shi ba kififiya ba ne, nutsewa yake yi.

Abincinsa ciyawa. Muna sayen burgu daga masu yankowa a bakin kogi, a yanka ƙanana, a haɗa da ganyen yakuwa ko rama, ganyen dankali, ɗan kabewa, zogale kaɗan. Salat suna sonsa amma ruwa ne kawai. Abin da nake faɗa da maƙwabta a kai shi ne sauran tuwo da shinkafa da wake, wani har nama da madara yake ba shi, wai tausayi. Zai ci kuwa, ya yi saurin girma, sai bayansa ya fito tudu-tudu maimakon ya kwanta sumul, ƙoda ta lalace. Mangwaro da kankana zawo suke sa shi. Sau biyu a mako mukan daka ɓawon dafaffen ƙwai mu barbaɗa kan ganyen, a bar su su sha hantsi, da haka ƙoƙon yake ƙwari. Duk yaron da ya taɓa su kuma sai ya wanke hannu da sabulu, don kashinsu yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.  

To, batun Zabarmawa. Matata Bazabarma ce ƴar Doso, kuma duk gidan babu wanda ya kai ta ƙin kunkuru, tun ran da babban ya haƙe gindin katangar madafa. Da al'adarsu ce da ba ta roƙe ni in kyautar da shi ba. Na san har yau akwai masu gunaguni a wajenku kan aurena, kamar yadda aka yi wa Baba lokacin da ya aurar da Yaya a Harobanda, unguwar ƙetaren kogi a nan Yamai. Amma Baffa, Kaka ya sauka Zangon Yamai da fataucin goro tun kafin samun ƴancin kai na 1960, mutanen nan suka ba shi masauki, suka yi masa sallah da ya rasu. Da wa ake so mu yi aure? Kuma Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne. Surukaina bawansu suke kirana, ni ma in rama, ba mai fushi. Wannan wasan dangantaka na Nijar har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Yarana Hausa suke yi a gida, Zabarmanci a titi, Faransanci a lakkwal. Fiye da rabin mutanen ƙasar nan Hausawa ne, kuma a 2025 gwamnati ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka in mun zo biki sai a yi ta dariyar yadda muke lissafin kuɗin sefa da dala da jaka, a tambayi ƴata ko ta iya tuƙa tuwo. Ta iya, kakarta ce ta koya mata, kuma abin yana mata ciwo ko da ba ta faɗa ba.

Kun ce jikokinku suna so in aiko musu guda biyu. Ku yi haƙuri. Dabbar tana cikin masu fuskantar ƙarewa, tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don ciniki, na gida ma sai da takardun ma'aikatan gandun daji. Ga shi an shafe tsakar gidanku da siminti, shi kuwa in ya girma ramin mita 3 yake haƙawa. In hutu ya zo ku turo su ta Birnin Ƙonni, motar Yamai tana tashi kullum, akwai yankan ciyawa yana jiransu. A gaida Inna da jiki.