Tambaya da Amsa: Layukan Filin Lantarki Suna Nan da Gaske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare a Gusau. Malaminmu na fiziks ya zana ɗigo a allo, kibiyoyi na fita daga jikinsa ta ko'ina, ya ce wannan ne filin lantarki. Layukan nan suna cikin iska ne da gaske, ko zane ne kawai?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Layukan zane ne, amma abin da suke nunawa yana nan.

Bari hunturu ya kankama, ki taje busasshen gashinki da matajin roba, sannan ki kai shi kusa da guntayen takarda. Tun bai taɓa su ba za ki ga sun miƙe tsaye, wasu su yi tsalle su manne masa. Shekara 20 ina nuna wa ɗalibai wannan, har yau sai aji ya kaure da ihu. Da damina kam kada ki wahalar da kanki, laimar iska kwashe cajin take yi. Matajin ya kwaso ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, daga gashi, cajin da ya samu kuma ya sauya halin sararin da ke kewaye da shi, ta yadda duk cajin da ya shigo wurin sai an ja shi ko an ture shi. Wannan halin shi ne filin.

Awonsa kuwa, ki ɗauka kin ajiye ɗan ƙaramin caji fozitib a wani wuri. Ƙarfin da ya ture shi (F), a raba da girman cajin (q), shi ne ƙarfin filin (E): E = F/q. Kibiya tana nuna inda zai nufa, inda layuka suka cunkushe kuma nan filin ya fi ƙarfi. Kulom, wani Bafaranshe, ya nuna a 1785 cewa in an ninka nisan da ke tsakanin caji biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Layukan kuma dabarar Michael Faraday ne, ɗan Ingila da bai yi zurfi a lissafi ba, sai ya riƙa tunani da hoto. Ya kyauta mana, mu malamai.

Busasshiyar iska tana jure kimanin bolt miliyan 3 a kowace mita. Da filin ya haura haka, sai tartsatsi ya keta ta. Shi ne ɗan hasken nan da "ɗas-ɗas" ɗin da kike ji in kina cire hijabin nailan a duhu.