An janye kes ɗinmu, shi kenan ya sha?

Tambaya: Salam Barista, don Allah ina da tambaya. Wani ne ya sari ƙanina da adda a hannu, aka kama shi aka kai kotu, mun yi wata bakwai muna zarya, ranar nan kawai lauyan gwamnati ya miƙe ya ce sun janye tuhuma, alƙali ya sallami mutumin a kan idonmu ko kallonmu ba a yi ba. Wai dama ana yin haka? Shi kenan ya sha?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba ƙaninki lafiya. Eh ana yi, kuma abin da zai miki ɗaci shi ne a idon doka kes ɗin ba naku ba ne tun farko, na gwamnati ne, ƙaninki shaida ne kawai duk da jininsa ne ya zuba. Shi ya sa idan kin duba takardar ƙarar za ki ga gwamnati ce ke ƙarar wane, babu sunanku a sama.

A Najeriya sashe na 174 da na 211 na tsarin mulkin 1999 sun ba Antoni Janar na tarayya da na jiha ikon tsayar da shari'ar laifi a kowane mataki muddin ba a yanke hukunci ba, lauyoyi na ce masa nolle prosequi. Tun 1983 a wata shari'a da ake kira shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da hurumin tambayarsa dalili. Ni kam wannan ikon ya min yawa, don a Amurka sai alƙalin kotun tarayya ya amince kafin a janye, a Ingila kuma tun 2013 wanda aka cuta yana iya neman a sake duba matakin. Amma fa ba kullum ne ake cuwa-cuwa ba, wani lokacin shaidu ne suka gudu ko hujjar ta yi rauni, sai lauya ya ga gara ya ja da baya da a kayar da shi.

To batun ya sha ko bai sha ba, sallama daban wankewa daban. A dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 idan mai gabatar da ƙara ya janye kafin a kira mutum ya kare kansa, yawanci sallama ce kawai, gobe ana iya sake kamo shi a kan laifin nan dai. Idan kuwa bayan an kira shi ne to an wanke shi, wannan ƙofar ta rufu.

Don haka ki je wurin rajistaran kotun ki nemi kwafin abin da alƙali ya rubuta ranar, ki ga wace kalma ya yi amfani da ita. In sallama ce ku rubuta koke zuwa ma'aikatar shari'a. Sannan ƙaninki na iya shigar da ƙarar neman diyya da kansa, wannan tasa ce ba lauyan gwamnatin da zai janye masa ita, ku dai adana takardun asibiti da hoton raunin.