Jaket ɗin gwanjo ta fara shan ruwa, tafin takalmin but kuma ya marmashe

Tambaya: Malam, ni ɗan Jos ne, da mashin nake zuwa aiki. Na sayi jaket ta Gore-Tex a gwanjo, da farko ruwa zamewa yake a kanta, yanzu kuwa jiƙewa take sharkaf. Ta mutu kenan?

Amsa: Ɗan'uwa kar ka yi saurin jefar da ita. Irin wannan yadin yana da wata 'yar siririyar leda a ciki mai ƙananan ƙofofi, ruwan sama ba ya shiga amma tururin zufa yana fita, wani injiniya mai suna Bob Gore ne ya gano sinadarin a Amurka a 1969. A waje kuma akwai maganin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara, to shi ne ƙura da maiƙon jiki suke kashewa, sai yadin ya sha ruwa zufarka ta rasa hanyar fita, kai kana zaton yoyo take alhali guminka ne. Ka wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa kaɗan, banda bilic banda garin sabulu, a ɗauraye sosai, in ta bushe ka shimfiɗa tawul a kai ka bi da ayan mara zafi sosai. Sau da yawa zafin nan kaɗai yana farfaɗo da maganin.

Amma fa ka juya cikinta ka duba wuya da kafaɗu. In tef ɗin da aka liƙe ɗinki da shi ne ya ɗago, ana iya sake liƙewa. In kuwa ledar ce take ɓarewa kamar ɓawon albasa, gaskiya ba ta da gyara. Kuma don Allah kar ka kai wa tela ya bi ta da keke, duk inda allura ta huda nan ruwa zai bi.

Tambaya: Yayana ya aiko min but daga Ingila, na adana shi ina lallaɓawa, ranar da na sa tafin ya marmashe a hanya.

Amsa: Ajiyar ce ta ci shi. Soson da ke tsakiyar tafin, PU suke ce masa, danshi da zafi ruɓar da shi suke, wanda ake takawa ma ya fi daɗewa. Gam ba zai riƙe ba. In fatar sama lafiya take kai wa shumeka ya kankare tsohon tas ya sa sabon tafi, ka ce ya liƙa, kar ya ɗinka ta ciki.