Hukuncin Taɓa Ƙwayoyin Gado Don Binciken Ciwon Daji

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina digiri na uku a kan ƙwayoyin gado da ciwon daji. Muna amfani da CRISPR, wata fasahar yanka da gyara ƙwayoyin gado, mu kashe ƙwayar gado mai suna TP53 a jikin ɓeraye, mu ga yadda ƙari ke tsirowa. Wani ɗan'uwa ya ce wannan canza halittar Allah ne, in bar karatun. Malamina kuma yana maganar nan gaba mu gwada a kan 'yan tayin mutane.

Amsa: 'Yata, ci gaba da karatunki. Neman magani halal ne, sanin musabbabin cuta kuwa farillar kifaya ce.

Maganar ɗan'uwan nan ba ta tsaya ba. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta zo ne tare da tsaga kunnuwan dabbobi don gumaka, kuma malaman tafsiri da dama sun fassara "halittar Allah" a wurin da addininsa. Hadisin masu tsaga jiki da masu yin wushirya ya ɗaure hanin da neman ado. Arfaja ɗan As'ad, da hancinsa ya yanke, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Sannan ita kansar ai lalacewar ƙwayoyin gado ce: TP53 ke tsayar da ƙwayar jikin da ta ɓaci ko ta kashe ta, kuma ana samunta a gurɓace a kusan rabin cututtukan daji. Mai neman gyara ɓarna ba shi ya canza halitta ba.

Inda na tsaya shi ne jumlarki ta ƙarshe. Gyara a ƙwayoyin jiki yana ƙarewa da mai shi. Gyara a maniyyi, ƙwai ko ɗan tayi yana bin zuriyar da ba a nemi yardarta ba, kuma almakashin CRISPR yakan yanka inda ba a nufa ba. Mai binciken da ya yi wa wasu tagwaye haka a China a 2018 ɗaurin shekara 3 ya sha. Idan aikin ya kai nan, ki janye hannunki ko da zai jinkirta miki digiri.

Ɓerayen ma amana ne. Wanda aka cire wa TP53 gaba ɗaya yakan kamu da ƙari cikin wata 6. Ki ɗauki adadin da lissafi ya wajabta kawai, ki sa maganin kashe zafi, ki kashe ɓeran da gaggawa kafin ƙarin ya hana shi ci. Samfurin majiyyaci kuma sai da izininsa, kada a maimaita abin da aka yi wa Henrietta Lacks, majiyyaciyar da aka ɗauki ƙwayoyin ƙarinta don bincike ba da izininta ba a 1951. Sakamakon gwajin BRCA1 (ƙwayar gadon da gurɓacewarta ke ƙara haɗarin kansar mama) na mace ɗaya yana iya shafar auren 'yan'uwanta, ki rufe bakinki a kansa. Kuma ranar da gwaji ya ƙi fitowa, kada ki gyara hoto don mujalla ta karɓa, shaidar zur ce.

Wallahu a'alam.