Tambaya da Amsa: Dutse a ramin gada, wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu yana gina wata gada. Muna haƙa ramukan ginshiƙai muka ci karo da dutsen da rahoton binciken ƙasa bai ambata ba, muka shafe wata biyu muna fasa shi. Injiniya mai sa ido ya ce mu ci gaba, "za a duba". Yanzu mai aikin yana shirin cin mu tarar jinkiri. Ina mafita? — Wani ɗan kwangila

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba irin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu. Manyan ayyuka da dama suna bin samfuran yarjejeniya na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara, kuma kowane samfuri ana kiransa da launin littafinsa. In Jan Littafi ne, wanda mai aiki ke kawo zane, sashe na 4.12 ya ba ka damar neman ƙarin lokaci da kuɗin da ka kashe, muddin gogaggen ɗan kwangila ba zai iya hango matsalar ba. Riba ba ta ciki. In kuwa Littafin Azurfa ne, na gina-ka-miƙa-makulli, to dutsen naka ne tun ranar da ka yanka farashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne sanarwa. A bugun 1999, sashe na 20.1 ya ba ka kwana 28 daga ranar da ka san da matsalar, ko ya kamata ka sani, ka sanar da injiniya a rubuce. Ka wuce wa'adin, haƙƙinka ya faɗi, komai gaskiyarka. Cikakken lissafi kuma cikin kwana 42. Bugun 2017 ya mayar da wa'adin lissafin kwana 84. "Za a duba" ta fatar baki ba ta tsayar da agogo.

Saboda haka ka tono fayil ɗinka yau. A shari'ar kamfanin gine-gine na Obrascon da gwamnatin Jibraltar ta 2014, kan hanyar da za ta bi ƙarƙashin titin saukar jirage, kotun Landan ta ce sanarwa ba ta da wani tsari na musamman, amma dole ta zama a rubuce, kuma duk mai karantawa ya gane neman haƙƙi ake yi. Wasiƙa ɗaya mai kwanan wata tana iya ceton ka. Kada dai ka saki jiki: a wannan shari'ar kamfanin ya sha kaye kan gurɓatacciyar ƙasa, don kotu ta ce ya kamata ya yi tsammaninta.

Haɗa hujja: rajistar aikin kullum, awannin da kowace na'ura ta yi, yawan dutsen da aka kwashe, hotuna masu kwanan wata, da jadawalin da ke nuna cewa ginshiƙan ne suka riƙe sauran aikin. In injiniya ya ƙi, kai maganar gaban kwamitin raba gardama, wanda ke yanke hukunci cikin kwana 84. Kada ka dakatar da aiki kana jira.

Tambaya: Ana cire mana wani kaso a kowane biya. Yaushe za mu gan shi? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, kuɗin riƙo ke nan, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Rabi yana fitowa idan an ba ku takardar karɓar aiki, sauran bayan wa'adin gyaran kurakurai, yawanci shekara guda. Idan kuna buƙatar kuɗin a hannu, ku nemi mai aikin ya karɓi garantin banki a madadinsa.