Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ka Biya Kuɗin Faifan Jazz, Tambayi Inda Aka Kwaso Sautin

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk a kan fayafayan jazz suke, tsofaffin bugu da waɗanda ake sake bugawa. Na zaɓi shida.

Tambaya: Malam, ƙanena da ke zaune a Amurka ya aiko mini da na'urar faifai ta gwanjo. Na sayi taransifoma mai sauke wuta zuwa 110, ta kama aiki, amma duk faifan da na ɗora sai kiɗan ya riƙa jan ƙafa kamar rediyon kaset da batir ya yi wa sanyi. Ta lalace ne? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Lafiyarta lau, ɗan'uwa. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Taransifoma ƙarfin wutar kaɗai yake saukewa, ba ya taɓa wannan bugun. Idan injin na'urarka da bugun wuta yake daidaita gudunsa, zagaye 33 da sulusi a minti zai dawo kusan 28, shi ne jan ƙafar da kake ji. Ka nemi fulin da bel ke hawa wanda aka yi don wuta mai bugu 50, a canza maka. Kuma kada ka yi saurare da ƙaramin janareta, domin bugunsa hawa da sauka yake yi, sai ƙaho ya riƙa rawar murya.

Tambaya: Na ga fayafayan Miles Davis da John Coltrane sababbi fil a wani kanti na intanet. An rubuta giram 180, wasu ma ja ne wasu shuɗi, kuɗinsu kuma bai kai rabin na sauran ba. Ina so in ɗauki goma a lokaci guda don in rage kuɗin aike. Me ka gani? Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Dakata tukuna, mayar da katinka aljihu. Wannan maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, saboda haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

A ƙasashen Tarayyar Turai, da can haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa shekara 50 yake yi ya faɗi. A 2013 aka ƙara shi zuwa 70, amma abin da ya riga ya faɗi ba a dawo da shi ba. Ma'ana, duk abin da ya fito kasuwa har ƙarshen 1962, kowa yana iya buga shi a can ba tare da neman izinin kamfanin da ya naɗi sautin ba. To ka duba shekarun: lokacin ne jazz ya yi tashensa mafi girma. Shi ya sa ƙananan kamfanoni suka yi ca a kai. Ba zan kira su ɓarayi ba, doka ta ba su dama. Abin da zan tambaye ka shi ne, daga ina suka kwaso sautin?

Tef ɗin asali, wanda aka naɗa a ɗakin ɗaukar sauti ranar da makaɗan suka busa, yana hannun masu shi. Na kamfanin faifai na Blue Note yana ƙarƙashin Universal, na Columbia yana wurin Sony, na Prestige da Riverside yana wurin Concord. Ba sa ba da aronsa ga wanda ba ya biyansu ko sisi. Wanda ba shi da tef kuwa, abin da ya rage masa shi ne ya kwafa daga faifan CD na kasuwa ko daga wani tsohon faifai, ya zuba a sabuwar roba. Kai kuma ka biya dala, ka biya jirgi, ka yi ciniki da kwastan, don ka mallaki kwafin CD ɗin da za ka samu a gwanjo da kuɗin da bai kai na aiken ba.

Giram 180 ɗin da ya ja hankalinka nauyin roba ne kawai. Faifai mai kauri ya fi daɗin riƙewa, ya fi jure lanƙwasa kaɗan, iyakarsa ke nan. Zurfin layin da allura ke bi ba ya ƙaruwa don an ƙara nauyi. Wanda ya taɓa sayen zuma a bakin titi ya san kaurin kwalba ba ya mai da ruwan sukari zuma. Launi ma haka, ado ne don a ɗauki hoto.

Ga yadda za ka gane su. Juya kwalin ka nemi tambarin kamfanin asali. Idan faifan Blue Note ne amma babu sunan Blue Note ko'ina, an gama magana. Sau da yawa hoton gaban ma ba shi ne na asali ba, domin haƙƙin hoto dabam yake da na sauti. Za ka ga an cusa waƙa ɗaya ko biyu daga wani zaman a ce kyauta ce. Sannan ka nemi sunan injiniyan da ya yanka faifan, wato wanda ya zana layin sautin a kan uwar faifan da ake buga sauran da ita, da bayanin abin da ya yanka daga gare shi. Mai gaskiya yana rubutawa da alfahari. Wanda ya yi shiru, yana da dalilin shirun.

Kada kuma ka ɗauka tsada ita ce shaida. A watan Yulin 2022 aka gano cewa Mobile Fidelity, kamfanin da masu tara fayafayai suka fi yarda da shi a Amurka, ya yi shekaru yana juya tef zuwa sautin kwamfuta kafin ya yanka faifai, alhali masu saye sun ɗauka kai tsaye daga tef ake yankawa. Wasu fayafayan sun haura dala 100. Magana ta kai kotu, aka sasanta a kan kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 25. Fayafayan suna da daɗin ji, har manyan masu kunne ba su gane ba sai da aka faɗa. Laifin shi ne ɓoye wa mutum abin da yake biya. Akwai kuma gobarar da ta cinye wani rumbun ajiya na Universal a Los Angeles a 2008, wadda rahoton jaridar New York Times na 2019 ya ce ta haɗa da tef ɗin kamfanonin Impulse! da Decca da Chess masu yawa. Don haka ko kamfanin asali ne ya ce maka daga tef, yana da kyau ka karanta ka ga wane tef.

Idan dole sai faifai, ga inda zan tura ka. Jerin Tone Poet da Blue Note ya fara a 2019, shekarar da kamfanin ya cika 80, Kevin Gray ne ke yanka shi daga tef, kuma suna bayyana komai. Jerinsu na Classic Vinyl ya fi sauƙin kuɗi, shi dai Kevin Gray ɗin ne ke yankawa, kwalin ne bai kai wancan ƙawa ba. Jerin Original Jazz Classics da kamfanin Fantasy ya riƙa bugawa a shekarun 1980 roba ce marar kauri, amma aikin gaskiya ce. Bugun Japan na King da Toshiba ma haka. Ka sayi biyu daga cikin waɗannan, ka bar takwas ɗin. Goma a kwali ɗaya, su kwana a ɗakin ajiyar kaya a filin jirgi cikin zafin Maris, kana iya buɗewa ka tarar sun zama kasko.

Tambaya: Wani ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya ce faifan Blue Note ne bugun farko, kuɗin da ya yanka ya kai na babur. Yaya zan tabbatar? Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma hoto ɗaya ba ya isa. Ka sa ya ɗauko maka tambarin tsakiya da kyau. Na shekarun 1950 suna ɗauke da adireshin 767 Lexington Ave, daga baya 47 West 63rd, sannan New York USA. Bayan Alfred Lion, mai Blue Note, ya sayar wa Liberty da kamfanin a tsakiyar shekarun 1960, sai sunan Liberty ya hau. Sai dai adireshi kaɗai ba hujja ba ne, don an ci gaba da manna ragowar tsofaffin tambura a kan sabon bugu. Hujja tana cikin santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da tambari. A can za ka nemi RVG ko VAN GELDER, sunan Rudy Van Gelder da ya naɗi yawancin fayafayan a New Jersey, da wata 'yar alama mai kama da kunne ta masana'antar Plastylite. Wannan kunnen ya ɓace bayan zuwan Liberty. Ko duk sun cika, sai ka ji da kunnenka tun daga farko har ƙarshe kafin ka ba da ko kwabo. Bugun farko da tsohuwar allura ta riga ta nome, sunan kawai za ka saya. Zuwa da kai ya fi saƙo. In ya ƙi ka zo ka saurara, ka bar masa abinsa.

Tambaya: Baba, mahaifinmu ya rasu bara. Ya yi aiki a jami'a a Zariya, ya bar kwali huɗu na fayafayai, yawanci jazz. Yayyena suna so a ba 'yan gwangwan a huta. Ni kuwa duk na buɗe kwalin sai in tuna shi yana zaune da yamma yana saurare. Ban san komai a kansu ba, ina tsoron kada in lalata su. Daga wata 'yarka a Samaru.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙuri. 'Yata, ki kwantar da hankalinki, faifai ba ya lalacewa da wuri in an raba shi da abu uku: zafi, ƙura da danniya. Ki fitar da su daga sito mai rufin kwano, ki kai ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ki jera su a tsaye kamar littattafai, kada ki kwantar da wani kan wani. Ki ɗaga su daga ƙasa saboda gara da damshin damina. In za ki riƙe, ki riƙe gefe, yatsa kada ya taɓa layin. Ƙurar hunturu kuwa, burushi mai laushi da aka yi don faifai ya isa. Kada kananzir ko fetir ko omo su kusance su. In kin ga wasu ƙanana masu nauyi da tauri da aka rubuta 78, na garmaho ne, suna fashewa kamar tangaran, kuma sifirit yana narkar da su.

Ki lallashi yayyenki su ba ki wata biyu. Ki samu littafi ki rubuta sunan kowane faifai, kamfaninsa da lambarsa. Ki lura musamman da sunan Yusef Lateef. Wannan mabushin Ba'amurke Musulmi ya zauna a garinku daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. A 1983 ya naɗi faifai a Legas mai suna In Nigeria. Shi kansa bai son a kira kiɗansa jazz ba, yana ganin kalmar ta rage masa daraja. Mai yiwuwa mahaifinki ya gan shi ido da ido a harabar jami'a. Ki duba kuma ko akwai bugun gida na shekarun 1970, don dillalai daga Turai sun daɗe suna yawo suna kwashe irinsu da araha. Ko a ƙarshe gado ya sa dole a sayar, a sayar da sani, ke kuma ki roƙi a bar miki waɗanda kika fi tuna shi da su a cikin rabonki.

Tambaya: Ba ni da na'ura kuma ba na jin jazz, amma an ce fayafayan da aka buga kaɗan suna tsada daga baya. Wanne zan saya in ajiye a leda? Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Babu ko ɗaya. Wa zai saya a wurinka, a wace kasuwa, kuma wa zai biya kuɗin mayar da shi Turai? Kamfani yana iya sake buga abin da ka ɓoye gobe, farashinsa ya zube. In jari kake nema, ka sayi buhun masara lokacin kaka ko ka ɗaure rago kafin Layya. Ka bar faifai ga wanda zai ɗora masa allura.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, kuɗina ba su kai na na'ura ba. Abokaina suna cewa wanda ke jin jazz a CD bai fara ji ba. Gaskiya ne? Daga Katsina.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗana, kada ka bari su sa ka cin bashi. Bari in ba ka misali ka kai musu. Kind of Blue na Miles Davis ya fito a 1959, kuma sama da shekara 30 duk mai faifan sitiriyo yana jin waƙoƙi uku na fuskar farko da ɗan sauri fiye da yadda aka busa su, saboda injin tef ɗin da aka naɗa da shi yana da matsalar gudu. Sai a bugun CD na 1992 aka gyara. Van Gelder da kansa ya zauna ya sake gyara aikinsa don CD tun daga ƙarshen shekarun 1990. Akwatunan Mosaic, kamfanin da Michael Cuscuna da Charlie Lourie suka kafa a farkon shekarun 1980, mafi yawansu a CD suke, da cikakken bayanin wanda ya busa me a wace rana. CD ba ya tsoron ƙura kamar faifai, ba ya cin allura, kuma na gwanjo araha ne yanzu da kowa ya koma roba. Abin da zan hana ka shi ne 'yar na'urar nan mai kama da jakar hannu da ake tallatawa da arha: allurarta tana danna faifai da nauyin giram biyar ko fiye, alhali biyu ya isa. Ka tara kuɗinka ka sayi abin saurare na kunne mai kyau, ka nemi CD biyar na kamfanonin asali, ka ji kowanne sau goma. Bayan wata uku ka rubuto mini wanda ya fi kama ka, in gaya maka na shida.